Tumaki a Kan Ganuwar Maiden Castle

Asabar

Jirgin ƙasa ya taso da ni daga tashar Waterloo ta Landan da hantsi, ya sauke ni a Dorchester bayan azahar. Ƙanwata, wadda ke aikin jinya a wannan yanki na Dorset, ta zo tarbata tare da ɗanta da ke hutun makaranta. Ko jakata ba a sauke daga mota ba na ce mu biya ta tudun Maiden Castle. Ta ce, "Haba Yaya, ka ci abinci tukuna, tudu ai ba ya gudu." Na ce ido kawai zan ɗora a kai.

Bai kai kilomita uku daga tsakiyar gari ba, ta kudu maso yamma. Gidaje na ƙarewa sai gonaki, titi ya tsuke, ya mutu a wani ɗan fili na ajiye motoci. Ba maigadi, ba tikiti, ba katanga. Ƙyaure ne kawai da allo mai tambarin English Heritage. Kana ɗaga kai za ka ga Maiden Castle kwance a gabanka, tsawonsa ya tasam ma kilomita guda, an yi masa ɗamara da ganuwa a bayan ganuwa, ciyawa ta lulluɓe komai. Ba soro, ba hasumiya. Ƙasa ce da alli aka haƙo daga gwalalo aka tsiba a bakinsa, aka sake haƙa wani gwalalon a baya aka sake tsibawa, ta wani gefen sau uku, ta wani sau huɗu.

Muka shiga ta ƙofar yamma. Hanya ba ta miƙe ba. Ka nufi gaba sai tudu ya tare ka, ka karkata hagu, wani ya sake tare ka, ka dawo dama, kuma duk inda ka juya akwai tsibin ƙasa a bisa kanka inda mutum zai tsaya yana kallon ƙeyarka. Yaron ya ruga gaba, cikin ɗan lokaci ya ɓace mana, sai muryarsa muke ji yana kiran "Kawu! Kawu!" ba mu san ta ina take fitowa ba. Wanda ya zo da mugun nufi shekara dubu biyu da suka wuce, haka zai yi ta kwana-kwana a cikin wannan lungu, duwatsu na sauko masa.

Da muka ɓulla sama sai fili fetal, hekta 19, iska na kaɗawa, tumaki na kiwo abinsu. Muka juya saboda magariba.

Lahadi

Yau na zagaye ganuwar ciki tun daga farko har na dawo inda na tashi, wajen kilomita biyu. Ta gefen kudu ne gangaren ya fi ban tsoro. Ka tsaya a bisa ka leƙa gwalalo, tunkiyar da ke ƙasa ta zama 'yar mitsitsiya. Wannan kuwa bayan ruwan sama da iska sun yi ƙarnuka suna cike ramin suna rage tudun. Lokacin da aikin yake sabo babu ciyawa, alli ne fari tas, wanda zai ɗauki ido tun daga nesa.

Tudun ya girmi ganuwar nesa ba kusa ba. Tun wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, manoman farko na wannan ƙasa suka kewaye ƙarshensa na gabas da ramuka, suna taruwa a ciki, suna sassaƙa gatura na dutsen ƙyastu. Bayansu aka yi wani dogon tsibin ƙasa mai tsawon mita 546 a gadon bayan tudun. Na neme shi yau, da ƙyar na gane shi, ɗan kumburi ne kawai a cikin ciyawa. Sai wajen shekara 600 kafin Miladiyya, a zamanin da ƙarfe ya shigo hannun mutanen nan, aka yi ganuwar farko, guda ɗaya tal, ta kewaye hekta shida da 'yan kai. Wajen shekara 450 aka faɗaɗa ta yamma har filin ya ninka kusan sau uku, daga nan aka yi ta ƙara layuka, ana ƙawata ƙofofin biyu. A ciki an yi bukkoki masu kewaye, da tituna, da rumbuna a kan dirkoki huɗu, da ramukan ajiye hatsi da aka fafe a cikin alli. Alkama da sha'ir suke nomawa, tumaki da shanu suke kiwo.

Na zauna a ƙofar gabas na daɗe. A nan ne masu haƙar kufai suka tarar da rami guda ɗauke da tsakuwar majajjawa fiye da 20,000, zaɓaɓɓu, mulmulallu, waɗanda aka ɗebo daga bakin teku. Wasu masana sun ce majajjawar ce ta sa aka yi ta ƙara ganuwa, don a nisanta maharbin waje daga mutanen ciki. Wasu suka ce a'a, nuna isa ne, domin ganuwa mai wannan tsawo ta fi ƙarfin mutanen da za su iya tsare ta. Ni dai ban ga abin da ya hana duka biyun zama gaskiya ba. Mai mulkin da zai iya tara jama'a su bar gonakinsu su zo su yi ta dakon alli a kwando shekara da shekaru, ya riga ya gaya wa maƙwabta ko shi wane ne, tun kafin a wurga dutse ɗaya.

Yaron ya tsinci wani ɗan ɓallin dutsen ƙyastu a bakin ramin zomo, baƙi mai sheƙi, gefensa da kaifi. Ya ce, "Kawu, in tafi da shi?" Na karɓa na jujjuya shi. Ko hannun mutum ne ya fasa shi ko sanyin hunturu, sai masani. Na ce ya mayar da shi daidai inda ya ɗauka. Ya ɓata rai kaɗan, ya mayar.

Litinin

Gidan adana kayan tarihi na Dorset yana kan babban titin garin. An yi masa gyara aka sake buɗe shi a 2021. Abin da ya kawo ni guda ne: ƙashin bayan wani mutum da aka tono a ƙofar gabas, da tsinin ƙarfe kafe a cikinsa. Ƙarfen ya yi tsatsa, ya yi baƙi, bai fi tsawon yatsa da kaɗan ba. Na tsaya a gabansa jikina ya yi sanyi. Ɗan wani ne, wataƙila mijin wata. Raina bai kwanta da ganin ƙashin ɗan Adam a bayan gilashi ba, kuma ba na jin zai taɓa kwantawa.

Mortimer Wheeler da matarsa Tessa ne suka jagoranci haƙar da aka yi a tudun daga 1934 zuwa 1937. Tessa ba ta ga ƙarshen aikin ba, ta rasu a 1936. Wheeler gwanin jawo jama'a ne. Yana kiran 'yan jarida, yana sa ɗalibai su zagaya da baƙi, ana sayar da katin hoto, har tsakuwar majajjawa da ta yi rara ana rubuta mata suna da tawada a sayar, a zuba kuɗin cikin aiki. Da ya ci karo da kaburburan ƙofar gabas, ya ga kawuna da saran takobi, ya ga toka da gawayi, sai labari ya haɗu masa. An san Rumawa sun shigo Birtaniya a shekara ta 43 Miladiyya. An san Vespasian, wanda daga baya ya zama sarkin Rum, shi ya jagoranci runduna ta biyu zuwa kudu maso yamma, kuma marubucin Rum Suetonius ya ce ya ci garuruwa fiye da ashirin. Wheeler, wanda shi kansa tsohon hafsan igwa ne a yaƙin duniya na farko, ya ce ga ɗaya daga cikinsu: injinan harba mashi sun yi ruwan ƙarfe a kan ƙofa, sojoji suka cinna wa bukkoki wuta, suka kutsa suka karkashe maza da mata, waɗanda suka tsira suka binne 'yan'uwansu cikin gaggawa. Rahotonsa ya fito a 1943, ana tsakiyar wani yaƙin, mutanen Ingila na zaman ɗar-ɗar kan mamaya. Labarin ya shiga littattafan makaranta ya zauna daram.

A 1985 da 1986 Niall Sharples ya sake haƙa, ya kuma koma kan bayanan Wheeler da idon basira. Cikin gawarwaki 52, sha huɗu ne ke da alamar mutuwar makami. Gawayin nan kuwa ya fi kama da na maƙera, domin ƙofar gabas wurin ƙira ne babba. Kuma wanda aka binne da tukunya da cinyar rago da zobe, ba a ce an binne shi a gurguje ba. Sai a 2025 masana daga Jami'ar Bournemouth suka fitar da sakamakon awon shekarun ƙasusuwan. Mutanen ba rana ɗaya suka mutu ba. An kashe su ne a lokuta daban-daban, tsakanin ƙarshen ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya da farkon ƙarni na ɗaya bayanta, tsara bayan tsara, abin da ke nuna rikicin cikin gida ne ko hukuncin kisa, ba farmakin Rumawa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Wheeler bai yi daidai a fassara ba, amma ya auna, ya zana, ya ɗauki hoto, ya sa wa kowane ƙashi lamba, gidan nan kuma ya adana su shekara kusan casa'in. Awon da ya warware maganarsa ba a ma ƙirƙiro shi ba lokacin da yake haƙa. Da an watsar da ƙasusuwan, ko da an tone tudun kaf a 1937, da har gobe labarin Vespasian ake koya wa yara. Shi ya sa na daina ganin filin nan da ba a taɓa ba a matsayin aikin da aka bari rabi. Mafi yawan cikin ganuwar ba a haƙa ba har yau, kuma haka ya kamata. Haƙa ba ta maimaituwa. Abin da ka tone ka tone shi ke nan. Na bayanmu za su zo da kayan aikin da ba mu da su.

Da dare na ba ƙanwata labarin wani binciken na 2025, wanda Lara Cassidy ta Kwalejin Trinity a Dublin ta jagoranta, kan wata makabarta ta ƙabilar Durotriges a Winterborne Kingston, nan cikin Dorset. Jinin mamatan ya nuna kusan kashi biyu cikin uku tsatson mace ɗaya ne. Mata ke zama a garin iyayensu, maza ke tarewa. Ta ajiye cokali ta ce, "Yaya, sake faɗa mini, a hankali."

Talata

Ruwa tun asuba, ban fita ba. Na zauna ina bin tarihin dokar da ta sa tudun nan ya kai yau.

Ba da sauƙi aka same ta ba. John Lubbock, attajirin banki kuma ɗan majalisa, ya fara kai ƙudirin kare kufai a 1873, masu filaye suka yi ta kayar da shi shekara bayan shekara. Hujjarsu ita ce, gonata tawa ce, abin da ke cikinta nawa ne, gwamnati ba ta da hurumi. Ya kuma sa kuɗin aljihunsa ya sayi tudun Silbury da wani yanki na Avebury don kada a yi gini a kai. Dokar da ta fito a 1882 ba ta da haƙora: wurare 68 kawai ta lissafa a Birtaniya da Ireland, kuma sai mai fili ya ga dama zai miƙa wa hukuma riƙo. Aka naɗa Janar Augustus Pitt-Rivers sufeto na farko, mutumin da gandunsa ke Cranborne Chase a kan iyakar Dorset. Aikinsa ya zama bin manyan masu ƙasa gida-gida yana lallashi.

Sai da aka sayar da fadar Tattershall a 1911, aka ɓamɓare murhunanta na dutse za a fita da su, hankalin jama'a ya tashi, Lord Curzon ya sa kuɗi ya ceto ta, sannan dokar 1913 ta ba hukuma ikon hana mai abu rusa abinsa. Wadda ake aiki da ita yanzu ta 1979 ce. Wurin da aka sa a jerin kariya, kamar Maiden Castle, ko dirkar shinge za ka kafa sai da izini a rubuce. Wanda ya lalata da gangan yana iya shan tara ko ɗaurin da ya kai shekara biyu. Yawo da na'urar gano ƙarfe a wurin ba tare da takarda ba laifi ne. Irin waɗannan wurare sun kusa 20,000 a Ingila kaɗai. Tun 2015 aka raba aikin gida biyu: Historic England na kula da jerin da bayar da shawara kan izini, English Heritage kuma, wadda ta koma ƙungiyar agaji, tana riƙe da wurare fiye da 400 da jama'a ke ziyarta. Ƙasar tudun kanta mallakar gandun Yariman Birtaniya ce, wato Duchy of Cornwall.

Daga ƙudirin Lubbock zuwa dokar 1979 shekara ɗari da shida. Mutanen da suka fara wannan faɗa ba su ga ƙarshensa ba, kuma sun san ba za su gani ba.

Laraba

Gari ya washe. Na taka zuwa Maumbury Rings, dab da tashar jirgi. Da'ira ce ta tudun ƙasa wadda mutanen zamanin dutse suka yi wajen shekara 2500 kafin Miladiyya. Rumawa, da suka kafa garin Durnovaria wanda ya zama Dorchester, suka mayar da ita dandalin wasa, sojojin yaƙin basasar Ingila kuma suka girka igwa a kanta a shekarun 1640. A tsakiyar shekarun 1840 injiniyoyin jirgin ƙasa suka ja layinsu ta tsakiyarta. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba, cikinsu har da malami kuma mawaƙi William Barnes, aka karkatar da layin. Tsoron abin da masu shimfiɗa dogo za su tone su watsar ne ma ya sa aka kafa gidan tarihin da na je shekaranjiya.

Daga nan na haura arewa maso yamma zuwa Poundbury, wata ganuwar ta zamanin ƙarfe a bisa kogin Frome, ƙarama a kan Maiden Castle. Ita ma kamfanin jirgi ya so ya tsaga ta biyu. Aka sake tayar da ƙura, injiniyan kamfanin, Brunel, ya haƙura ya huda rami ta ƙarƙashinta, layin ya buɗe a 1857. Ina tsaye a bisa jirgi ya taho, ya shige ƙarƙashin ƙafafuna, ya ɓulla ta can. Lokacin babu wata doka ko ɗaya. Bakin mutanen gari ne kawai.

Nan na tuna ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara ta zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara ɗari tara da suka wuce. Ita ma ƙasa ce, ita ma tana cikin jerin kayan tarihin da doka ta ce a kare. Na ga inda aka yanke ta aka kafa shago, na ga inda ake ɗibar ƙasarta a yi bulo. Takarda ba ta rasa ba. Abin da na gani yau shi ne maƙwabtan da suka tsaya suka ce a'a tun kafin takarda ta zo.

Yamma da ganuwar akwai sabuwar unguwa da ta ɗauki sunanta, wadda Yarima Charles, sarki na yanzu, ya fara ginawa a 1993 a kan ƙasar gandunsa. Daga saman Maiden Castle ana hango ta ɓaro-ɓaro, rufin gidaje da hasumiyoyi. Ban ƙi ta ba, mutane na buƙatar muhalli. Amma gonakin da suka rage tsakaninta da tudun su ne ke sa ka gane dalilin da ya sa aka zaɓi wannan wuri tun farko. Ranar da gidaje suka iso gindin ganuwa, ko ba a taɓa ƙwayar ƙasarta ba an rage ta.

Alhamis

Ƙanwata na hutu, ta kai mu Chesil, bakin tekun da aka ɗebo tsakuwar majajjawa. Tsibin tsakuwa ne zalla mai tsawon kilomita 29. Ta ƙarshen yamma ƙanana ne ƙwarai, suna ƙara girma har su cika tafin hannu ta wajen Portland. Na ɗauki ɗaya na auna a hannu, santsi, nauyi daidai wurgi. Daga nan zuwa tudun kusan kilomita goma ne, da hawa a tsakani. Na yi ta lissafin kwanduna nawa, wuyan mutum nawa. Yanzu an hana ɗiba, domin tsibin ne ke kare ƙauyukan baya daga teku. Wannan karon yaron da kansa ya ajiye tasa ba a ce masa ba.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na koma tudun ni kaɗai, da niyyar in dubi abin da ke cinsa.

Ƙafa ce ta farko. Duk inda mutane suka yanke hanya suka haye ganuwa kai tsaye maimakon su bi ta ƙofa, ciyawa ta mutu, alli ya fito fari, ruwan sama ya samu hanya ya fara zaizaya. Na tsuguna a bakin ɗaya daga cikin waɗannan tabo. Faɗinsa bai fi taku ɗaya ba, amma ya yi zurfin da idon sawuna ya shige, kuma a gindinsa ga garin alli da ruwan Talata ya wanko ya tara. Sai zomaye, da wata dabbar dawa 'yar'uwar dage mai haƙa manyan ramuka, wadda ita ma doka ke karewa, don haka ba a korarta yadda aka ga dama. Sai ƙaya da sarƙaƙiya, waɗanda in an bar su saiwarsu za ta farfasa abin da ke ƙasa, su kuma zama maɓoyar zomo.

Maganin mafi yawan wannan shi ne tumakin nan. Suna aske ciyawa ta yi gajere ta yi kauri, saiwarta ta riƙe ƙasa, suna cinye tohon ƙaya tun bai yi ƙarfi ba, kuma ba su da nauyin da zai rusa gangare. Sai dai a san adadi: in sun yi yawa su ma sukan kwanta a gefen tudu su goge shi har alli ya bayyana. Na gamu da wata dattijuwa da karenta a ɗaure da igiya. Muka gaisa, ta ce tun tana yarinya take hawa nan, kuma abin da ya fi ɓata mata rai shi ne mai sakin kare ya kori tumaki. Ta ce in makiyayi ya gaji ya kwashe dabbobinsa, cikin 'yan shekaru ba za a gane ganuwar ba. Na yarda da ita. Tsaron wannan wuri rabinsa a hannun makiyayi yake.

A ɓangaren gabas na tarar da harsashin wani ɗan ɗakin bauta da aka gina a ƙarshen ƙarni na huɗu Miladiyya, lokacin da tudun ya daɗe da zama kufai, mutane sun koma Durnovaria. Murabba'i ne a cikin murabba'i, duwatsun ba su wuce idon sawu ba. A nan aka samu wani ɗan bijimin tagulla mai ƙaho uku. Irin wannan ne ke jawo ɓarayin dare masu na'urar gano ƙarfe, waɗanda ke yanka ciyawa su zaro tsaba ko zobe su gudu. Abin da suka ɗauka ba shi ne babbar asarar ba. Asarar ita ce ba wanda zai sake sanin a wane zurfi yake, kusa da me, a ƙarƙashin me. Matsalar ma tsohuwa ce: Thomas Hardy, marubucin garin nan, yana da gajeren labari kan wani masani da ya saci jiki da dare ya haƙa a wannan tudu duk da allon hani, ya kuma soke abin da ya samu a aljihu.

Asabar

Muka tuƙa zuwa Hod Hill, kusa da Blandford, a bisa kogin Stour. Hawan ya fi na Maiden Castle tsanani, ƙanwata ta tsaya hutawa a rabi. Ƙungiyar National Trust ke riƙe da shi. A nan kam sawun Rumawa a fili yake: sun yanki kusurwar arewa maso yamma suka yi sansaninsu a ciki, suka ari ganuwar mutanen gari ta gefe biyu, suka haƙa sauran biyun a miƙe sambal. A shekarun 1950 mai haƙar kufai Ian Richmond ya tarar da kawunan mashin inji a tattare wajen wata bukka guda.

Amma abin da ya fi tsayar da ni a kusurwar kudu maso gabas yake. Nan garma ba ta taɓa shiga ba. Rana ta karkata, sai ga da'irori a cikin ciyawa, ɗaya kusa da ɗaya, kowace da ɗan gurbin ƙofarta: gindin bukkokin mutanen da suka zauna a nan. An gano fiye da 200 a cikin ganuwar. Yaron ya shiga ɗaya ya zauna a tsakiya ya ce, "Kawu, nan ne murhu ko?" Na ce nan ne. Muka yi 'yan taku kaɗan zuwa inda aka noma a ƙarni na 19, ƙasa ta zama shafe lum, ba da'ira, ba gurbi. A lokacin garma ta yi ta fito da kayan ƙarfe, wani mutumin Blandford mai suna Henry Durden ya yi ta tarawa, daga baya suka tafi British Museum. Kayan sun tsira. Gidajen da suka fito daga ciki sun tafi.

Wannan ɓarna ba ta tsaya a ƙarni na 19 ba. Dokar 1979 ta bar wata ƙofa a buɗe: gonar da aka saba nomawa, ko da tana cikin jerin kariya, manomi na iya ci gaba da noma ta muddin bai zarce zurfin da ya saba ba. To amma a kan gangare ƙasar sama na zaizayewa kowace shekara, zurfin bana ya ci abin da na bara bai kai ba. A 2003 English Heritage ta yi shelar cewa wurare kusan 3,000 da ke cikin jerin suna ƙarƙashin garma. Akwai tsarin biyan manomi ya bar noma ya shuka ciyawa, amma sai in ya so. A hanyarmu ta komawa na ga gonaki da dama da farin tabo mai kewaye a tsakiyarsu, inda tarakta ta baje tsibin wani kabari ta fito da allinsa. Da ni ake shawara, wannan ƙofa zan fara rufewa: a biya manomi diyyar abin da zai rasa, a biya shi da kyau, a mayar da filin makiyaya.